Haƙƙin Na Gangare a Kan Na Tudu: Magana Kan Ruwan Tafkin Chadi

Duk wanda ya durƙusa gaban malami yana yaro aka biya masa Ahalari ko Ishmawi, ya san cewa tun a babukan farko, kafin a kai shi ga hukuncin salla, sai an sanar da shi hukuncin ruwa, an nuna masa cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya jirkita saboda najasa ya fita daga tsarki, ba a alwala da shi, ba a girki da shi. Abin mamaki shi ne, al'ummar da ta haddace wannan hukunci a kan buta da tulu, ita ce kuma ta wayi gari tana gafala da shi a kan kogi da tafki, alhali kuwa ruwan da ke cikin butar daga can ya fito. Ra'ayina, wanda nake son kafa masa hujja a nan, shi ne cewa tsabtar Tafkin Chadi da kogunan da ke shayar da shi amana ce da ba za ta tsaru ba sai mutanen tudu sun yarda cewa na gangare suna da haƙƙi a wuyansu, sun kuma zauna da su an ƙulla alkawari.

A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sa'an nan farin 1973 da na 1984 suka tauye shi har ya koma ƙasa da ushirin wancan faɗi. Yana daga hikimar Ubangiji cewa tafkin, ko da yake ba shi da wani kogi da ke fitar da ruwansa, bai zama ruwan gishiri ba, domin wani sashe nasa yana tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙasa ya tafi da gishirin, har ya bar kanwa a yankin Kanem. To, amma tafkin da ba shi da mafita, abin da aka zuba masa ba ya saurin barinsa, kuma gwargwadon raguwar ruwan, gwargwadon yadda dauɗar da ta shiga take ƙara kauri.

Haƙiƙa mafi yawan ruwan tafkin, wajen kashi 90 cikin ɗari, daga kogunan Shari da Lagone yake zuwa, kuma rabon kogin Komadugu Yobe kaɗan ne. Sai dai wannan ɗan rabo shi ne namu, shi za a tambaye mu a kansa. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da Kogin Challawa, wanda aka datse a ƙasar Ƙaraye a 1992, su ne ke haɗuwa su bi ta Wudil da Ringim da Haɗeja, su gamu da Kogin Jama'are da ya gangaro daga tsaunukan Jos, su ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, su zama Komadugu Yobe, su wuce Gashuwa da Gaidam, su zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa, kafin su faɗa tafkin kusa da Bosso da Malam Fatori. A tsawon wannan tafiya manomi yana ban ruwa, makiyayi yana shayarwa, masunci yana jefa koma, mace tana ɗiban na girki, kuma kowannensu yana shan abin da wanda ke sama da shi ya bar masa.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Masana'antun jima da na rini da ke Sharaɗa da Challawa sun daɗe suna sakin ruwan aikinsu, wanda ke ɗauke da sinadarin kuromiyom da wasunsa, zuwa Kogin Challawa. Na Bompai kuwa da kwatocin cikin birni suna zuba a Jakara, wanda ke kai kayansa dam ɗin Wasai, inda ake su, ake kuma noman lambu. Ga takin zamani da maganin feshi da ruwa ke kwasowa daga gonakin rani na Kura da Kadawa. Ga bola da leda da ake turawa magudanai da zarar hadari ya taso. Ga wasu marasa tsoron Allah da ke zuba guba a ruwa don kifi ya taso, su kashe babba da ƙarami a yini ɗaya. Can gangare kuma, sakin ruwan madatsai rani da damina ya ba ciyawar kacala damar mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe wasu, ta karkatar da wasu su cinye gonaki, ta zama maɓoyar jan-baki mai cin hatsi da sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya.

Ba a rasa hukumomi da dokoki ba. Tun ran 22 ga Mayu 1964 shugabannin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort Lamy, wato Injamena ta yau, kuma a 2012 aka amince da yarjejeniyar ruwan tafkin. A 1976 aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. A 2006 jihohin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato suka yi ittifaƙi a Damaturu kan kafa asusun kula da kwarin Komadugu Yobe. A 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA domin tilasta bin dokokin muhalli. Duk wannan alheri ne, sai dai ma'aikaci ɗaya da ke zaune a ofis ba zai san wanda ya zuba guba da tsakar dare a wani lungun fadama ba, alhali sarkin ruwan wurin ya san shi, ya san ubansa, ya san kwale-kwalensa.

Saboda haka nake ganin wajibi ne kowane gari da ke gaɓar waɗannan koguna ya tsayar da majalisar ruwa a ƙarƙashin dagaci ko bulama, wadda za ta ƙunshi liman da sarkin ruwa da sarkin noma da arɗo da wakilan mata, tun da su ne masu ɗiban ruwa kuma su ne masu jinyar yaro idan amai da gudawa ta kama shi. Wannan majalisa ita za ta shata harimin kogi, kamar yadda malaman fiƙihu suka tanadar wa rijiya da ƙorama, ta hana bahaya da zuba shara da wanke tukunyar feshi a cikinsa, ta keɓe mashayar dabbobi daban da wurin ɗiban na sha, ta sa ranar gayya kafin faɗuwar damina. Mutanen fadamun Haɗeja da Nguru sun riga sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne, domin sun sha fita ƙauye-ƙauye da lauje da adda suna sare kacala har ruwa ya koma hanyarsa. Abin da ya rage shi ne majalisun su riƙa haɗuwa ko da sau ɗaya ne a shekara, mutumin Gashuwa ya dubi mutumin Kura ido da ido ya faɗa masa abin da ke iso masa, sa'an nan jami'o'in Bayero da Maiduguri da Gashuwa su riƙa auna ruwan, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci, domin kada jayayya ta tsaya a kan zato.

Mai ja zai ce talakan da ke neman abin kai wa baka ba shi da sukunin wannan ɗawainiya, masana'antu kuma suna ciyar da dubban gidaje, gaɓar tafkin ma rashin tsaro ya tarwatsa mutanenta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma talakan nan shi ne mai biyan kuɗin magani idan ruwa ya gurɓata, kuma kare ruwan ya fi masa sauƙi a kan jinya. Babu mai neman a rufe masana'anta. Abin nema shi ne ta tace ruwanta kafin ta sake shi, domin ƙa'ida ce sananniya a shari'a cewa ba a gina ribar wani a kan cutar da wani, kuma a nan ne ya wajaba hukuma ta sa ƙarfinta, tun da dagaci ba shi da ikon hukunta mai kamfani. Rashin tsaro a bakin tafki kuwa bai hana Kano da Jigawa da Bauchi gyara nasu ɓangaren ba.

Kiyaye ruwan jama'a farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya da ita aka sauke wa kowa, in kuwa aka bar ta zunubin ya hau kan kowa. Ina roƙon masu martaba sarakunan Kano da Haɗeja da Katagum da Bade su umarci hakimansu su tsayar da waɗannan majalisu kafin damina mai zuwa, limamai su ba al'amarin huɗuba guda, gwamnoni shida kuma su cika alkawarin da aka ɗauka a Damaturu. Allah Ya ba mu ikon sauke amana, amin.