Kafin A Ƙona Takardun Adaka



Akwai wata al'ada tamu wadda ladabi ya haifa, amma tana cinye mana tarihi. Idan dattijo ya riga mu gidan gaskiya aka buɗe adakarsa, duk takardar da aka gani da baƙin Larabci sai a tattara a ƙona ko a binne, gudun kada sunan Allah ya wulaƙanta. Niyyar kyakkyawa ce. Sai dai ba duk abin da alƙalamin kara ya rubuta ne aya ko laya ba. Da yawa ajami ne: wasiƙar falke zuwa ga maigidansa, lissafin huhun goro, shaidar bashi, rabon gado.

Mu da muke riƙe wa manya alƙalami a zaman sulhu mun san nauyin irin wannan takarda. Rikicin gida a Krofrom yakan kai shekaru ana jayayya, kowa da labarin da ya ji daga kakarsa, har sai an sami ƙyallen takarda mai sunayen shaidu, sannan bakuna su mutu.

Kakanninmu sun yawaita a Kumasi bayan basasar Salaga ta 1892 ta watsa fataken goro, Turawa kuma suka kama Sarki Prempeh a 1896. Ƙasar ta Tonawa ce, mu hayarta muka karɓa, haya kuwa da wa'adinta. Wadda aka rubuta a 1930 ta shekara 99 za ta cika a 2029. Magada nawa ne suka taɓa duba ranar da ke jikin tasu?

Sannan ga 1969. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar Ghana. Wasu sun sayar da gidajensu da arha, wasu sun bar su amana hannun maƙwabta, suka rubuta 'yan layuka cikin gaggawa kafin mota ta tashi. A wasu gidajen, waɗannan layukan ne kaɗai shaidar da ta rage. Wanda aka taɓa tambayarsa takarda bai kamata ya yi wasa da takarda ba.

Abin kunya ne a ce wasiƙun da Musulmin Kumasi suka rubuta fiye da shekara 200 da suka wuce suna nan lafiya a babban ɗakin karatu na Kofanhegan a ƙasar Denmak, namu na jiya jiya kuwa gara da ruwan damina suna rabonsu.

Hotuna ma haka. Hoton hawan salla ko na rakiyar alhaji ba ya faɗin sunan kowa. Tsohuwar da ta san fuskokin ita ce makullinsa, ga shi kullum raguwa suke yi. A zauna da ita, a rubuta sunaye da shekara a bayan hoton da fensir.

Roƙonmu ga magada shi ne, kada a kunna wuta sai malamin da ya iya ajami ya karanta ya ware. Abin da yake aya a yi masa ladabinsa. Saura a ɗauke shi a waya, gaba da baya, a tura wa 'yan'uwa biyu ko uku. Lauya ko mai bincike in ya nema a ba shi kwafi, asalin ya koma adaka.