Bakin Akwati: Kafin ki ci bashin ɗakin wasa, PlayStation ko kwamfuta?

Zancen da na kawo muku wannan karon, da shekara biyar baya wani ya ce zan zauna in rubuta shi, da dariya zan yi masa. Zancen wasan samari ne, ƙwallon nan da suke bugawa cikin tele. Amma tun da kuɗin akwati ya shigo ciki, magana ta wuce wasa.

Ranar zubin da ya gabata, wata ƴar ƙungiyarmu, dattijuwa wadda ba ta taɓa fashin zubi ba, ta nemi bashin jika 150. Shugaba ta dube ta ta ce: "Yaya, mi za ki yi da su? Albasa ba ta kai ba tukuna." Ta ce: "Ba don ni na ba, don yaron ga na. Tun da anka gama girbi yake cewa Aljeriya za shi. Na ce ya zamna, ya ce in ina son ya zamna sai in buɗe mishi ɗakin wasa irin waɗanda ya gani Madawa." Wuri ya yi tsit, don kusan kowacenmu tana da wani nata a kan hanya, ko Agadas ko Libiya ko Legas, kuma mun san yadda barci ke ƙaurace wa uwa in waya ta daina shiga.

Matsalar ita ce yaron ya ce PlayStation yake so, wani mushe maƙwabcinsu kuma ya ce masa kwamfuta ta fi, don ita ana gyara ta ana ƙara mata ƙarfi. Uwar ba ta san ko ɗaya ba, mu ma haka. Ƙungiya ta ce ni da ke riƙe da littafi in je in binciko. Na tambayi ɗan yayata mai gyaran waya a Maraɗi, na kuma zauna da masu ɗakin wasa biyu. Ga abin da na samo.

PlayStation ƙaramin akwati ne da kamfanin Sony na ƙasar Japan yake yi, ana jona shi da tele, babban aikinsa wasa ne. Iri-iri ne, kamar yayye da ƙanne: PS2 ta fito a 2000, PS3 a 2006, PS4 a 2013, PS5 a 2020. Lokacin da PS4 ta fito, kuɗinta a Turai Yuro 399 ne, wato kusan jika 262 a kuɗinmu, tun da Yuro ɗaya yana tsaye a kan sefa 655 da ɗoriya. PS5 mai cin faifai ta fito a Yuro 500, kusan jika 328. Ku lura, wannan kuɗin akwatin ne kaɗai a can, ba a sa tele ba, ba a sa kuɗin hanya da na duwan ba. Shi ya sa abin da ke zuwa kasuwanninmu yawanci na hannu ne, ta Ƙonni ko Maraɗi ko Yamai, kuma farashinsa ya danganta da tsufansa da kuma bakin mai ciniki.

Kwamfuta kuwa gida biyu ce. Akwai ta ɗauka, mai naɗewa kamar littafi, akwai ta tebur mai babban akwati. A nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Kwamfutar da ake sayarwa da araha, tsohuwar ta ofis ce, an yi ta don rubutu da lissafi. Wasan ƙwallo na yanzu yana buƙatar wani ƙarfe a ciki da ake kira katin hoto, kuma katin nan mai kyau shi kaɗai yana iya cin kuɗin PlayStation ta hannu. Wato in kin ji an ce ga kwamfuta mai sauƙin kuɗi, tambayi ko tana jan wasan da yaran ke so. Sau da yawa ba ta ja, ko ta ja tana tsayawa tana ƙiƙam, yaro ya buga ƙwallo sai ta shiga raga bayan ya gama murna. A kuɗin farko dai, in wasa kaɗai ake nufi, PlayStation ta fi sauƙi.

To ina gaskiyar mushe? Tana wajen ƙari. Kwamfutar tebur kamar jeren ɗakin amarya take: bana ki sayi kwano biyu, baɗi ki ƙara uku, ɗaki yana cika a hankali ba tare da kin zubar da na farko ba. Ana buɗe ta a ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki, a canza ma'ajiyarta, a cire tsohon katin hoto a sa sabo. In abu ɗaya ya mutu, shi kaɗai za a canza. PlayStation kuwa yadda aka ƙera ta haka za ta tsufa. Abin da za a iya canzawa a ciki ma'ajiyar wasanni ce kawai, a sa wadda ta fi girma. Ƙarfinta ba ya ƙaruwa. Kuma kamfanonin wasa suna yaye tsofaffi: wasan FIFA na ƙarshe da aka yi wa PS2 shi ne FIFA 14, na PS3 kuwa FIFA 19 ne da ya fito a 2018. Tun 2023 ma sunan wasan ya koma EA Sports FC. PS4 ta ci gaba da samun sababbin wasanni bayan fitowar PS5, amma ita ma ranar yayenta tana tafe. Samari kuma sun san wannan sarai. In ɗakin maƙwabci yana da ƴan wasan bana, naki yana da na shekara bakwai baya, can za su kai dalolinsu.

Sai dai ɗan yayata ya ja kunnena a kan abu biyu. Na ɗaya, zancen ƙarin nan na kwamfutar tebur ne. Ta ɗauka, yawanci katin hotonta a like yake, ba ya cirewa, don haka ita ma kusan kamar PlayStation take. Na biyu, ya ce: "Inna, ƙari kuɗi ne, kuma sai da mai sani. Wa zai buɗe muku ita a Galma? In ta tsaya sai an ɗauke ta zuwa Madawa ko Maraɗi, kwana nawa ɗaki na rufe?" Ya ƙara da cewa tsofaffin kwamfutoci da yawa suna aiki da Windows 10, wadda kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025, kuma ba kowace tsohuwa ke karɓar ta bayanta ba. Jeren amarya yana da daɗi, amma sai in kasuwar kwanon tana kusa.

Yanzu ga abin da yaron bai ambata ba ko sau ɗaya: wuta. Inda babu kuran tsayayye, sai pano da batir ko inji mai shan mai. PS4 tana cin wat 100 zuwa 140 in ana wasa, ƴar siririyar da ta fito a 2016 ba ta kai haka ba. Tele madaidaiciya tana cin kamar wat 50. In an yi awa huɗu da dare, babban batir mai lamba 100, wanda ba a so a zuƙe fiye da rabinsa don kada ya mutu da wuri, da ƙyar zai kai su tashi. Kwamfutar tebur mai katin hoto tana iya cin wat 300 ko fiye, wato batir biyu ko uku ke nan, da panon da zai cika su. Wannan kuɗi ba ya cikin farashin da mai kanti zai faɗa miki, amma daga aljihunki zai fito. Ga kuma ƙurar hunturu da zafin watan huɗu da na biyar, dukansu biyu suna shaƙe su. Dole a rufe su da zane in an gama, a riƙa share ƙura, a ajiye su inda iska ke ratsawa.

Inda kwamfuta ta yi wa PlayStation nisa shi ne ba ta zaman banza da rana. Ana buga takarda da ita, ana tura wa mutane fina-finai da karatu a katin waya, ɗan lakwal yana koyon rubutu a kanta. Mu kanmu lissafin akwati ana iya yi a ciki. PlayStation kuwa daga safe har la'asar barci take, sai yara sun taso.

Sai muka zo ga lissafi, wanda shi ne aikinmu. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe akwatunanmu shi ne ba a ba da bashi sai an ga ta inda zai dawo. Ƙa'idar ƙungiyarmu, ana ɗora kashi 10 cikin 100 duk wata, a biya cikin wata uku. Jika 150 ke nan za ta dawo jika 195. Muka ɗauka a matsayin misali cewa kowane wasa dala 20 ne, ana yin biyar a awa, awa huɗu a dare. In ɗaki ya cika maƙil, jika 2 ke nan. Amma ba kullum ake cika ba, akwai ranar ruwa, akwai ranar da batir bai sha rana ba, akwai damina da kowa ke gona. Muka sa jika 1 da rabi, kwana 26, ya ba da jika 39 a wata. Muka cire jika 9 na wuta da na abin riƙewar nan da suke dannawa, don masu ɗakin wasa duka biyu sun ce shi ne ke fara lalacewa a hannun samari. Saura jika 30. Wata uku, jika 90. Bashi kuwa 195. Giɓin jika 105 daga ina? Daga awakin uwa, ko daga buhun hatsinta.

Da na karanta lissafin, dattijuwar ta yi shiru, can ta ce: "Wato in bar shi ya tahi?" Shugaba ta ce: "A'a Yaya, ba haka munka ce ba. Munka ce kaya su yi daidai da wuyan mai ɗauka." Ga yadda aka tsaya. Akwati ya ba ta jika 60, za ta dawo da 78, abin da ɗakin zai iya biya da kansa. Ta sayar da ragon da take turke, ta sa jika 60. Yaron kuma aka ce sai ya kawo jika 30 na guminsa daga aikin garkar albasa kafin a saki ko dala, don wanda bai sa nasa ba, ba ya jin zafin na wani. Aka zaɓi PlayStation ta hannu, saboda unguwarsu babu kuran tsayayye, babu mai gyaran kwamfuta kusa, kuma ƙwallo kaɗai yaran ke nema. Aka ce masa duk wata ya riƙa ware wani abu, don nan da ƴan shekaru akwatin zai tsufa, kuma ba ƙara masa za a yi ba, sabo za a saya.

Ba na cewa kowa ta bi wannan. In kina cikin garin Madawa ko Buza ko Keita inda wuta ke samuwa, ɗanki ko ɗiyarki ta yi lakwal ta iya buga takarda, kuma akwai mai gyara kusa, kwamfutar tebur ta fi miki, ko da za ki fara da ƙarama ki riƙa ƙara mata bayan kowane rabon akwati. Za ta ci da rana, ta ci da dare.

Kowace kika zaɓa, kada ki yi cinikin biri a sama. A kunna ta gaban wanda kika aika, a yi wasa awa guda cur, a saurara ko tana huci kamar injin niƙa, a taɓa a ji zafinta. A gwada abin riƙewa duka biyu. A karɓi takardar ciniki da sunan mai kanti. A tambaya ko wasannin da ke ciki na asali ne, don waɗanda aka loda ta bayan gida suna iya rufewa in aka haɗa akwatin da intanet ya sabunta kansa. A kuma sayi na'urar daidaita wuta, don wutar inji in ta yi tsalle sau ɗaya, jari ya ƙone.

Abu na ƙarshe da ƙungiya ta gindaya, kuma ni na fi jin daɗinsa: ba a buɗe wa ɗan lakwal ɗaki lokacin karatu, ba a yin caca a kan wasa, kuma ba a ba yaro wasa bashi, don mun san daga tukunyar wa za a sato kuɗin biya. Ɗiyanmu ne za su shiga ɗakin nan, bai kamata kuɗinmu ya ɓata mana su ba.

Yaron ya kawo jika 18 daga cikin 30 ɗinsa, kuma har yau yana gida. In Allah ya kai mu fitowa ta gaba, zan gaya muku ko ya cika, da kuma yadda biyan farko ya kasance. Wadda ke da irin wannan tambaya ta ba magatakardar ƙungiyarsu saƙo, zai iso ni. A gaida gida, kuma kada a manta da zubin sati.