Wa Zai Biya Bashin Malamin Bayoloji?



Kwanakin baya na gamu da wani tsohon ɗalibina a kasuwar Karaye, yana zaune ƙarƙashin laima da na'urar POS yana cire wa mutane kuɗi. A zamaninsa babu wanda ya kama ƙafarsa a ajina. Karatun likita ya nema, makinsa na JAMB bai kai ba, jami'a ta ba shi Bayoloji, ya karɓa hannu bibbiyu. Ya gama, ya yi bautar ƙasa, yau shekara biyu ke nan yana yawo da takardu. Bayan mun gaisa sai ya ce, “Malam, ƙanena ma Bayoloji aka ba shi, kuma an ce ya cike fom ɗin rancen gwamnati. Me ka gani?” Na daɗe ban ce uffan ba. Wannan takarda ita ce amsar da na kasa ba shi a tsaye.

Masu ba iyaye shawara a kan wannan batu sun kasu gida biyu, kuma duka biyun suna cutar da mu. Na farko su ne masu cewa rancen nan tamkar kyauta ne, a karɓa kawai, wa ya taɓa biyan gwamnati bashi? Na biyu su ne masu cewa digirin Bayoloji asarar shekara huɗu ce, gara yaro ya kama sana'a tun da wuri. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ga masu cewa kyauta ne, ga abin da ke ƙasa. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai a Yunin 2023, aka sake mata fasali a Afrilun 2024, sannan asusun NELFUND ya buɗe shafinsa na intanet a watan Mayun 2024. Asusun yana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a kai, wannan kam abin yabo ne. Amma biya yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa, kuma kashi 10 cikin 100 ake cirewa daga albashi tun kafin ya iso hannun mai shi. Wanda bai samu aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa, sai dai ɗaga ƙafa daban, yafiya daban.

To, mu yi lissafi irin wanda muke koya wa 'yan aji ɗaya. Mu ƙaddara kuɗin makaranta naira 100,000 ne a shekara. Shekara huɗu 400,000 ke nan. Mu ƙaddara an ba shi kuɗin ɗawainiya kowane wata har ya gama. 960,000 ke nan. Jimilla miliyan ɗaya da dubu 360. Mu ƙaddara kuma Allah ya taimake shi an ɗauke shi koyarwa a mataki na 8, albashinsa naira 100,000 cif, a jihar da mafi ƙarancin albashinta ya koma 71,000 a ƙarshen 2024. Za a riƙa zare masa 10,000 duk wata. Wata 136 zai yi yana biya, wato shekara goma sha ɗaya da wata huɗu. A cikin waɗannan shekaru ne zai yi aure, ya kama haya, ya yi suna, ya ɗauki nauyin tsofaffinsa. Ku da kuka san yadda albashi yake ƙarewa kafin ashirin ga wata, bayan an cire haraji da fansho da adashi, kun san darajar dubu goma a gidan malami.

Wani zai ce ai faɗuwar darajar naira za ta cinye bashin, tun da babu ruwa a kansa. Akwai gaskiya a nan, amma rabinta ce. Hauhawar farashi tana rage nauyin bashi ne ga wanda albashinsa yake tashi tare da ita. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, alhali mafi ƙarancin albashi na 30,000 ya yi shekara biyar cur, daga 2019 zuwa 2024, bai motsa ba. Masara da taki da kuɗin mota zuwa Kano ba su jira kowa ba. Saboda haka duk wanda ya ce wa yaro ya sa hannu ido rufe, bai yi masa adalci ba. Bashi hanji ne, an ce yana cikin kowa, amma ba kowane ciki ne yake ɗaukar nauyinsa ba.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa yaranmu a ranar da suke murnar samun gurbi. Digirin Bayoloji tsurarsa ba ya ba mutum lasisin aikin ɗakin gwajin asibiti. Wannan yana da nasa karatun da tasa hukumar. Ba ya mayar da shi ma'aikacin jinya ko mai haɗa magunguna. Ko koyarwar ma, sai ya ƙara difilomar PGDE, ya ci jarrabawar hukumar TRCN, kafin a lissafa shi cikin ƙwararrun malamai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarin kuɗi ne da ƙarin lokaci. Mu malamai mun san haka sarai, kuma shirun da muke yi laifi ne a wuyanmu.

Yanzu ga masu cewa karatun asara ne. Ina roƙonsu su je bakin Madatsar Ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a nan ƙasar Karaye, ko ta Kusalla, su tsaya su duba. Kifin da masunta suke kamawa, da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ga yaran da ke wanka a gefe, da sauron da ke ƙyanƙyasa a lambuna, duk darasin Bayoloji ne. Su tuna 2016, lokacin da tsutsar da manoma suka raɗa wa sharon ta share gonakin tumatir a Jihar Kano, har kwando ya gagari talaka. Su tuna 2023, lokacin da cutar mashaƙo ta fi yi wa Kano ɓarna a duk faɗin ƙasar nan, cutar da allurar rigakafi take karewa. Wa zai zaunar da uwa ya fahimtar da ita yadda rigakafi yake aiki? Wa zai gaya wa manomin Rogo dalilin da ya sa ƙuduji yake kashe masa dawa, da dalilin da ya sa maganin feshin bara ya daina kashe ƙwari bana? Kuma kowane likita, kowace ungozoma da ta fito daga wannan yanki, a gaban allon wani malamin Bayoloji suka fara. Kano ta gane haka tun 1977 da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma har yau muna cin gajiyar likitoci da injiniyoyin da suka yaye.

Ashe ke nan ilimin yana da amfani, kuma jama'a ce ke cin amfanin, amma yaro shi kaɗai aka bar wa biyan kuɗinsa. Nan ne zaluncin yake. Gwamnati tana bukatar malamin kimiyya a ƙauye, sai ta ranta masa kuɗin zama malami, ta ɗauke shi a kan albashin da bai kai ya kawo ba, sannan ta sa hannu ta zare ushirinsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ba mu manta da alkawuran baya ba. Ranar 5 ga Oktoban 2020, Ranar Malamai ta Duniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus na malaman kimiyya, da na masu aiki a karkara. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ya zama doka a 2022. Sauran fa? Kowa ya ɗauko takardar albashinsa ya duba. A Yunin 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Muna maraba da gyaran azuzuwa da sabbin kujeru, amma kujera ba ta koyar da darasi.

Abin da muke nema ba baƙon abu ba ne a duniya. A Amurka, inda bashin karatu ya haura dala tiriliyan ɗaya da rabi, malamin kimiyya ko lissafi da ya yi shekara biyar a jere a makarantar yankin talakawa ana iya yafe masa har dala 17,500. Ƙasar da take tatsar ɗalibai haka ma ta san cewa malamin da ya zauna inda wasu ke gudu ya riga ya biya da guminsa.

Don haka ina kira ga reshenmu ya kai waɗannan bukatu gaban uwar ƙungiya ta jiha, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Karaye da Rogo. Na ɗaya, duk wanda ya koyar da kimiyya shekara biyar a makarantar gwamnati ta karkara, jiha ko tarayya ta ɗauke masa bashin NELFUND. Na biyu, a fara biyan alawus ɗin kimiyya da na karkara da aka yi alkawari tun 2020. Na uku, wanda yake hannunmu kuma ba ya bukatar sa hannun kowa: kowace sakandare a ƙananan hukumomin nan biyu ta ware yini guda kafin cike fom ɗin JAMB, a tara 'yan ajin ƙarshe da iyayensu, a rubuta musu wannan lissafi a allo ɓaro-ɓaro.

Shi kuwa tsohon ɗalibina, na koma na same shi. Na ce ƙanensa ya karɓi gurbin, ya ranci kuɗin makaranta kaɗai in gida zai iya ɗaukar cinsa, ya nemi a mayar da shi sashen koyar da Bayoloji idan da hali, don ya fito da shaidar malanta a hannu, kuma kada ya saki fartanya lokacin hutu. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, da wani ya faɗa mini haka a lokacina.” Ban da amsa, domin ni ne malamin da ya kamata ya faɗa masa.

Allah ya sa mu gyara. Wassalam.