Ɗan Jaka: Tunawa da Wani Abokin Karatu

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ina neman ku yi mini uzuri in kawo muku zancen wasan da yawancinmu ba mu taɓa kallo ba, wato golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu. Dalili kuwa shi ne, a daminar bara Allah ya yi wa wani abokina rasuwa a hatsarin mota, yana kan hanyar zuwa gasa. Tare muka yi sakandare, benci ɗaya muke zama, kuma tun ranar da muka kai shi makwancinsa nake fama da wani nauyi a zuciya.

Shi dai wannan bawan Allah maraya ne, gidansu yana bayan filin golf na garinmu. Da an tashi daga makaranta sai ya nufi can, ya riƙa ɗaukar wa manyan mutane jakar sanduna, yana bin su rami-rami har 18, a sallame shi da abin da ya samu ya kai wa mahaifiyarsa. Saboda haka muka laƙaba masa suna Ɗan Jaka. In muna son tsokana sai mu ja wasalin farko, jakar ɗauka ta koma jakar da ke haifar jaki, aji ya kwashe da dariya. Ni ne na fi kowa iya jan wasalin nan. Bai taɓa ramawa ba. Da jarrabawar fita ta zo bai samu sakamakon kirki ba, mu kuwa muka yanke hukunci cewa ya lalace.

Ashe mu ne ba mu san abin da ake ciki ba. Sai da na shiga jami'a na koma hutu, ya ja ni filin, sannan idona ya buɗe. Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna 14, kowace da nisan da take kai ƙwallo, shi kuwa ya san halin kowace kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Yakan tsinki ciyawa ya watsa sama ya gane inda iska ta dosa, ya san yadda ƙwallo ke gudu a busasshiyar ƙasa lokacin hunturu da yadda take nutsewa da damina, ya dubi gangaren ƙasa ya faɗi ta inda za ta bi ta faɗa ramin da faɗinsa bai kai inci 5 ba. Da tsohuwar sanda guda da wani ya yar ya koya wa kansa bugu, da asuba, kafin masu filin su iso. A haka har ya ci gwajin ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Nijeriya, ya zama yana shiga gasa don kuɗi, yana kuma koyar da mutanen da a dā yake ɗaukar wa jaka. Da wannan sana'a ya biya wa ƙannensa biyu kuɗin makaranta.

To, ra'ayina a nan shi ne, mun auna shi da mudun da ba nasa ba. Mun ɗauka ilimi shi ne abin da ke kan takardar shaida kaɗai, alhali kuwa abin da ke cikin idonsa da hannunsa ilimi ne da ya ci shekaru ana tara shi. Ba a kansa aka fara ba. Seve Ballesteros na ƙasar Sifen ɗaukar jaka ya fara yi yana yaro, yana koyon bugu a bakin teku da sanda ɗaya, sai ga shi a 1979 ya ci babbar gasar Birtaniya yana da shekara 22. Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji, a Legas ya ci gasar Nijeriya a 1988, kafin ya zama na ɗaya a duniya a 2004. Waɗannan an rubuta tarihinsu. Namu fa, wa ya rubuta?

Na san wani zai ce golf wasan masu hannu da shuni ne, Turawa suka kawo shi, me ya haɗa shi da Sashen Hausa? Gaskiya ne baƙo ne, amma baƙon da ya daɗe. Filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, ga kuma filaye a Kano da Kaduna da Zariya. Folo ma ai baƙo ne, amma da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓe shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya shahara a kansa, wa zai ce yau ba ya cikin tarihin Katsina? Bambancin kawai shi ne, folo 'ya'yan sarauta suka hau, golf kuwa 'ya'yan talakawa suka fara shigarsa da jaka a kafaɗa, shi ya sa ba mu waiwaye su ba.

Ba cewa nake yara su bar aji su tafi ɗaukar jaka ba. Shi kansa marigayin ya sha gaya mini rashin karatu ya cuce shi wajen karanta takardun yarjejeniya. Abin da nake kira gare shi ya shafe mu ne, mu ɗalibai. Kowace shekara muna rubuta kundin digiri a kan dambe da kokawa da sharo, kuma hakan daidai ne. Amma yaran nan Hausa suke yi a tsakaninsu, suna da sunayen da suka raɗa wa sanduna da ramuka, suna da zaurancensu da habaicin da suke yi wa marowacin mai gida. Na ji wasu daga bakin abokina, ban rubuta ko ɗaya ba, don a lokacin ban ɗauke su bakin komai ba. Yanzu ya tafi da su.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su buɗe wa ɗalibai ƙofar nazarin irin waɗannan sana'o'i na zamani, mu kuma mu ɗauki alƙalami mu je wurin masu su tun suna raye. Ni dai na yi niyyar fara wannan aiki a hutun nan, a filin da na taɓa yi masa dariya. Allah ya jiƙansa, ya yafe mana abin da muka yi masa cikin ƙuruciya, amin.