Kyamarar da Alhaji ya kafa, wa take yi wa gadi?

A ƙasar Hausa, rubutun "Ba Shiga" a bakin ƙofa ya ishi baƙo ya tsaya a zaure. Sai ga shi yau, saboda halin rashin tsaro da ake ciki, magidanci da kansa ne ke sayo kyamara ya kafa a tsakar gida, ya haɗa ta da intanet domin ya riƙa duba iyalinsa ta waya daga ofis. Abin da bai tambayi mai shago ba shi ne: ban da shi, wa kuma ke iya leƙawa?

Wannan ba tambayar raha ba ce. A shekarar 2014 wani shafin intanet mai suna Insecam ya baje hotunan kai-tsaye daga kyamarori kimanin 73,000 a sassan duniya, har da na ɗakunan kwana. Ba a fasa komai ba. Kalmar sirrin da masana'anta ta sanya wa kayan, irin su "admin" da "12345", ita aka gwada, domin masu kayan ba su taɓa canza ta ba. Bayan shekara biyu, muguwar manhajar nan Mirai ta biyo ta wannan ƙofa da kalmomi kusan 60, ta mallake dubun-dubatar kyamarori da makamantansu, ta sa suka yi wa kamfanin Dyn na Amurka taron dangi a ranar 21 ga Oktoba, 2016, har shiga Twitter da Netflix ya gagari jama'a.

Uzurin da aka daɗe ana kawowa shi ne, ƙananan na'urori masu ɗan batir da ƙaramar ƙwaƙwalwa ba za su iya ɗaukar nauyin kulle saƙo ba. Da akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma yanzu uzurin ya tsufa. A 2023 hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, wato NIST, ta zaɓi tsarin Ascon, wanda aka ƙera musamman domin irin waɗannan na'urori, ta kuma tabbatar da shi a 2025. Ita kuwa Birtaniya, tun watan Afrilun 2024 ta haramta sayar da na'ura mai kalmar sirri ta gama-gari. To, ina kayan da aka kora daga can za su nufa, in ba kasuwannin da ba a bincike ba?

A nan ne nake ganin bai kamata a jibga wa mai saye laifin duka ba, ko da yake in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke tantance kayan sadarwa kafin a sayar, hukumar SON kuma ke kula da ingancin kayan da ake shigowa da su. Me zai hana su gindaya sharaɗi cewa duk kyamara ko na'urar bibiyar mota sai ta tilasta wa mai ita canza kalmar sirri ranar farko, kuma sai an bayyana tsawon shekarun da kamfani zai ci gaba da gyara manhajarta? Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba za ta yi wa matar da ke tsakar gidanta amfani ba, muddin ƙofar a buɗe ta iso daga masana'anta.

Kafin hukumomi su motsa, mai karatu ya tuna da yaron da ya zo ya haɗa masa kyamarar. Shi ya zaɓi kalmar sirrin, a wayarsa ya fara gwada hoton, kuma mai yiwuwa har gobe gidan Alhaji na cikin aljihunsa.