Mawaƙi a Fage, Makaɗi a Aljihu

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu faɗa-a-ji na garin nan, har ta soma zama kamar karatun da ba a ja da shi. Wai taruwar jama'a a fili don sauraron kiɗa baƙuwar al'ada ce, wai Turawa ne suka aiko mana da ita, saboda haka duk wanda ya nemi a buɗe fili a yi wasa, lalata tarbiyya yake nema. Ni dai na ce maganar nan ba ta da tushe balle makama, kuma ɓarnar da ta jawo wa kiɗan Hausa ta fi wadda ake cewa ana gudu.

Bari mu fara da dodon da ake tsorata mu da shi. Turawa suna da wani kiɗa da suke kira rok, na jita mai aiki da lantarki da ganguna, mai ƙara kamar saukar aradu. Da yake sanyi kan kulle su a ɗaka kusan rabin shekara, da zarar rana ta buɗe, tsakanin Yuni da Agusta, sai su fita gonaki da filaye su kafa rumfa su sha kiɗa. A watan Agustan 1969 mutane wajen 400,000 suka taru a gonar wani makiyayin shanu a jihar New York ta Amurka, suka yi kwana uku har da ɗoriya cikin ruwan sama da taɓo. Wannan shi ne taron Woodstock. A Ingila kuwa an fara na Glastonbury a 1970, shi ma a gona. An sha ƙwaya a irin waɗannan wurare, an yi abin kunya, babu mai musun haka. Amma ba ƙwaya ce ta sa mutum ya yi tafiyar kwana da kwanaki ba, domin akwai ta a unguwarsu. Abin da ya kai shi shi ne ya ga ɗan'adam da yatsunsa yana fitar da sauti a gaban idonsa, sautin da ba za a sake yin irinsa daidai ba ko da gobe.

To, wannan kuma wa zai koya wa Bahaushe? Su rana suke jira, mu kaka muke jira da farin wata. Kafin a haifi kakan wanda ya ƙera jitar lantarki muna da dandali, muna da kalankuwa bayan an kai amfanin gona gida, muna da fagen dambe inda kalangu ke zuga ɗan wasa har ya manta yana da uwa, muna da gangar noma a wurin gayya. A nan Bauchi, wane ne bai taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar Sallah ba, kakaki da algaita suna tashi, jama'a maƙil, babu rufi sai sararin Allah? Alhaji Mamman Shata ya shekara fiye da hamsin yana waƙa a fili, 'yan amshi a bayansa, kalangai suna ba shi amsa, yana ƙaga baiti nan take gwargwadon wanda ya gani a gabansa. Jami'ar Ahmadu Bello ba ta ga abin kunya a cikin haka ba, digirin girmamawa ta ba shi. Ɗanmaraya Jos kuwa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yakan riƙe taro guda shi kaɗai. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Mai karatu, ƙirga mini waɗanda suka gaje su.

Da aka tsangwami fili, kiɗa bai mutu ba, ɓuya ya yi. Ya koma zauren biki mai ƙofa a rufe, inda sai mai kati ko mai kuɗin tikiti, ya koma wayar hannu a ƙarƙashin bargo, inda babu idon uba babu na sarkin samari. A dandali ai kowa yana ganin kowa. Yarinya ta san ƙanin babanta yana can gefe, saurayi ya san in ya yi rashin kunya labari zai riga shi isa gida. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da aka mayar da wasan kansa. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano, sai makaɗi ya zama kaya mai nauyi. Yau mawaƙi zai iso wurin biki da ɗan filashi a aljihu, ya miƙa wa mai na'ura, a saki waƙar da aka gama gyarawa a situdiyo, shi kuma ya riƙe makirfo yana motsa baki yana ɗaga hannu, ana yi masa liƙi. Wai shi ke nan an yi wasa! Idan wuta ta ɗauke sai wurin ya yi tsit kamar an yi mutuwa, gwanin naka ya tsaya yana kallon injin janareta. Ban ce babu masu murya da basira a cikinsu ba. Akwai su, shi ya sa abin ya fi zafi. Amma ina yaro zai ga mai goge ko mai garaya ko mai gurmi yana aiki, har sha'awa ta kama shi ya ce shi ma zai koya? Sana'ar da ba a gani ba a gadonta.

Ga kuma wani abin mamaki. Filin nan da ake cewa bai dace da kiɗa ba, da zarar kakar zaɓe ta kama sai ya dace. A share Dandalin IBB, a buɗe filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a jera lasifiku kamar buhunan gero, a kwaso samari a motoci, mawaƙi ya wasa ɗan takara ya zage abokin hamayya tas, kuma ba za ka ji wanda ya ɗaga murya a kan tarbiyya ba. Ashe dai ba taron ne laifi ba, sai in ba a san mai shi ba.

Mu leƙa wajen maƙwabtanmu Abzinawa na Nijar, Musulmi ne kamarmu, da yawansu ma suna jin Hausa. Bombino ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso lokacin tawayen 2007. Da aka sami zaman lafiya ya koma Agadas, a watan Janairun 2010 ya yi wasa a fili a gindin babban masallacin garin, da yardar Sarki, jama'a suka taru suna murnar ƙarewar yaƙi. Daga baya sunansa ya shiga jerin masu neman kambin Grammy. Shi kuwa Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da salon situdiyonmu na Hausa. A wurinmu ya ɗauki na'ura, amma bai ajiye jita ba. Ya ci gaba da kaɗa ta a bukukuwan aure a fili har hannunsa ya faɗa. A 2024 ya hau dandamalin Coachella a Amurka. Mu da muka ba shi aron situdiyo muna nan muna motsa baki.

Za a ce taro yana da haɗari, kuma gaskiya ne. A Nuwamban 2021 mutum goma suka mutu sakamakon turmutsitsi a wani taron kiɗa a birnin Houston na Amurka. Mu ma muna da namu 'yan sara-suka da masu yankan aljihu. To amma ana turmutsitsi a kasuwa, ana yi a wurin rabon sadaka, ban ji an ce a rufe kasuwar Wunti ba. Maganin wannan shi ne ƙofofi masu faɗi, da fitilu, da wurin mata daban, da masu tsaro, da lokacin tashi da kowa ya sani. Wanda kuma yake son ganin ƙarshen hanyar hani, ya tambayi mutanen Tumbutu: bikin kiɗan hamada da aka fara a Mali a 2001 ya tsaya tun 2012, shekarar da masu bindiga suka haramta kiɗa a arewacin ƙasar.

Saboda haka ga buƙatata ga hukumomin al'adu na jihar nan, da ƙungiyoyin ɗaliban Hausa waɗanda ke rubuta kundi a kan Shata alhali ba su taɓa ganin an ɗaure kalangu ba. A ba mu fili dare ɗaya a shekara, cikin kaka, daga bayan La'asar zuwa ƙarfe goma, a tsaya a yi salla a kan lokaci. A gayyato masu kotso da masu duma da masu shantu, a gayyato 'yan fiyano da masu jita, a aika Agadas ma in da hali. Sharaɗi ɗaya ne: duk mawaƙin da ya zo makaɗinsa na cikin aljihu, a nema masa kujera cikin 'yan kallo.