Ciwon damuwa ba rashin godiyar Allah ba ne

A gidajenmu da dama, idan mutum ya daina barci, abinci ya fita ransa, ya ƙaurace wa jama'a na tsawon makonni, abin da ake fara gaya masa shi ne ya gode wa Allah, domin wasu ba su samu ko rabin abin da ya samu ba. Galibi da kyakkyawar niyya ake faɗin haka, kuma maganar tana da tushe. Binciken da masana halayyar ɗan'adam biyu na Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, suka wallafa a 2003 ya nuna cewa waɗanda suka riƙa rubuta ni'imomin da suka samu sun fi sauran jin daɗin rayuwarsu. Masallaci da coci kuma suna raba mutum da kaɗaici.

Matsalar ita ce lokacin da nasiha ta rikiɗe ta zama tuhuma. Ciwon damuwa cuta ce da likitoci suka sani, kuma cikin alamominta akwai ganin kai a matsayin mai laifi, marar amfani. Wanda ke cikin wannan hali idan aka ce masa imaninsa ne ya yi rauni, an fama masa miki ne; sai ya ja bakinsa ya yi shiru, wani ma har ta kai shi ga tunanin halaka kansa. Alhali addini bai taɓa mayar da baƙin ciki zunubi ba. Annabi Yaƙub (AS) ya yi jimamin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, babu kuwa mai shakkar imaninsa.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta zamanin mulkin mallaka ta 1958. Sai dai likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kacal a ƙasa mai mutane sama da miliyan 200, asibitocin tarayya irin na Kaduna, Kware da Maiduguri kuma sun yi wa mafi yawan talakawa nisa. Don haka malami ko fasto ake fara kai wa kuka.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ta haɗa kai da Jama'atu Nasril Islam da Ƙungiyar Kiristoci ta CAN wajen koya wa limamai da fastoci gane alamomin cutar, ta yadda bayan addu'a za su tura mai fama da ita asibiti. Gwamnoni kuma su wadata cibiyoyin lafiya na matakin farko da magunguna da ma'aikatan da za su karɓe shi idan ya je.